Rakiyar da Yaya Dije Ta Yi Mana a Bargu

Abokaina da muke zama a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu bayan la'asar sun daɗe suna matsa mini in ba su labarin shekarar da muka yi ta yawo da mahaifiyata, har muka tsallaka iyaka. Kullum sai in ba su guntu, wani ya katse ni da tambaya, a kira magariba a watse. Shi ya sa na ga gara in rubuta gaba ɗaya. Amma ina neman afuwa tun daga farko. An kwana biyu, kuma mai yiwuwa na haɗa abin da ya faru a wani gari da na wani. Inda ban tabbata ba zan faɗa.

Shekarar ita ce wadda na dawo daga bautar ƙasa ina zaman jiran aiki, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Mahaifinmu ya riga ya rasu. Mu 'yan Yola ne, ta nan Karaye. Inna Bafulatana ce, Baba kuwa Bahaushe manomin gyaɗa, don haka ni Fillancina na gaisuwa ne kawai. Ƙanwata Ladi ta fi ni ji nesa ba kusa ba.

Akwai wadda ya kamata in gabatar tun yanzu, domin ba don ita ba da babu tafiyar. Sunanta Dije, ita ce 'yar farin Inna. Ana yaye ta yayan Inna, Kawu Buba, ya ɗauke ta riƙo kamar yadda aka saba. Da gonaki suka cinye makiyaya a wajenmu, ya kaɗa shanunsa ya yi yamma da iyalinsa, da ita tana 'yar ƙarama. Ni ban taɓa ganinta ba. Kuma tunda nake ban taɓa jin sunanta a bakin Inna ba. Wanda ya san kunyar ɗan fari a gidan Fulani ba zai yi mamaki ba: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta kallon fuskarsa. In ta kama dole sai Inna ta ce “ta wajen Buba”.

Bayan an gama kaka sai Inna ta ce tana son ta zaga dangi. Ta ce ƙafa ta fara nauyi, gara ta taka tun tana iyawa. Na ce to, bari mu gani. Ta ce babu abin gani, jibi kasuwa, akwai mota.

Rogo Ruma muka fara sauka, gidan ƙaninta Kawu Manu. Duk wanda ya san shi ya san bakinsa ba ya hutawa. Yana hango ni da jakar hannu ya ɗaga murya.

“A'a, Malam Bari-mu-gani ne da kansa! Adda, yaya aka yi kika fito da shi? Ko kin ce masa gidan ya kama da wuta?”

Sunan nan ya bi ni har Bargu. A ranar ya yanke shawarar shi ma zai bi mu, ba tare da kowa ya gayyace shi ba, wai don kada boko ya ɓatar da yayarsa a hanya.

Daga nan muka wuce Falgore wajen wata 'yar baffan Inna. Mota ta ajiye mu nesa da gari, aka ara wa Inna jaki ta ƙi hawa, Kawu Manu ya ce ba za a yi asarar alheri ba ya haye. Da muka zo wani rafi jakin ya tsaya cak a tsakiya, ya duƙa shan ruwa, Kawu ya zame ta kan wuyansa ya faɗa da babbar rigarsa. Ya miƙe yana ɗiga ya ce dama yana da niyyar alwala. A gidan kuwa aka riƙe mu fiye da yadda muka yi niyya, domin duk safiyar da muka ɗaure kaya sai a ce an riga an jiƙa gero, ba a tafiya a bar fura.

A can ne na fara lura da wani abu, ko kuma in faɗi gaskiya, Ladi ce ta nuna mini. Duk gidan da muka sauka, Inna za ta tambayi kowa da kowa, har tsofaffin da suka mutu ba ta ji ba. Sai an zo sallama, tana neman takalminta da ƙafa, sannan za ta ce, kamar wadda abin ya faɗo mata yanzu:

“Mutanen Buba fa, ana jin ɗuriyarsu?”

Ladi ta ce mini, “Yaya, kai ba ka gane ba? Duk zagayen nan don tambayar nan ake yinsa.”

A Falgore aka ce rabon da a ji su tun suna dajin Birnin Gwari. Bayan mun koma gida mun huta, da bazara sai Inna ta tuna tana da wata ƙawar ƙuruciya a wata ruga bayan Funtuwa. Muka je. Mun kwana a bukkar kara, mun bi masu kiwo zuwa mashaya, ƙudan zuma sun kore mu daga gindin wata ɗorawa har na yar da takalmi ɗaya. Can ma, tana neman takalminta, ta yi tambayar. Wani dattijo ya ce ai Buba ya daɗe da haye Kwara, yana ƙasar Bargu ta ɓangaren Faransa, kuma ya ji an ce ya rasu, amma iyalinsa na nan. Inna ta ce Allah ya ji ƙansa. Daga nan muka juyo Karaye.

Damina ta tsare mu a gida. A watannin nan kullum tana zaune da zare da kaba tana saƙa faifai. Dama a kowane gida muka sauka takan bar ɗaya. Amma akwai wani da ta daɗe a kansa, mai ja da baƙi, in ta yi layi bai yi mata ba sai ta warware. Da aka cire gyaɗa ta ce ya kamata a je a yi wa matar Buba gaisuwar mutuwa. Wannan dalili ne da babu wanda zai ce ta yi rashin kunya.

Ni dai na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Na yi ta tambayar direbobi, na nemi maganin zazzaɓi da na gudawa, na naɗe takardun makarantata a leda ko za a tambaya a iyaka. Mu huɗu muka tashi: Inna, Kawu Manu, Ladi da ni.

Hanyar ba zan iya jera ta daidai ba. Na san mun bi ta Funtuwa da Birnin Gwari muka kwana a Kwantagora. Abin da ba zan manta ba shi ne jira. Babu motar da muka shiga a shekarar nan da ba ta sa mu zaman rabin yini ba, ko ana jiran ta cika, ko ta mutu a daji direba ya shige ƙarƙashinta. Kafin Tegina taya ta fashe, muka yini a rana, man shanun da Inna ta ɗauko tsaraba ya narke ya biyo ta gindin ƙwarya ya jiƙa hular Kawu da ya ajiye a gefenta. Har muka dawo karnuka na bin sa suna shinshina.

A Kwantagora wani mai masauki Bakano ya karɓe mu, ya ba mata ɗakin matarsa, mu kuma zaure tare da fatake. A nan muka haɗu da wasu mutum biyu 'yan Falgore masu sayen shanu, su ma Bargu za su. Ɗaya dogo mai tsagar gado a kumatu, ɗaya gajere mai yawan tasbihi. Ina jin kunyar cewa sunayensu sun ɓace mini. Su suka san hanya, muka bi su.

A Yawuri muka ga Kwara. Inna ta tsaya ta daɗe tana dubansa, ta ce, “Da shanu ya haye wannan?” Tun a mota Kawu Manu yake ba mu labarin yadda yake iyo a dam ɗin garinsu kamar kifi. Da kwalekwalen ya kai tsakiya ya fara rawa, sai ga shi ya rungume buhun albasar wani yana salati da ƙarfi. Inna kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, hannunta ɗaya a kan ƙullin da faifan nan yake ciki.

Iyakar ta ba ni kunya, domin na yi wata guda ina fargabarta. Sanda ce aka gitta a kan ganga biyu, da wani jandarma, wato ɗan sandan can, a inuwa yana cin gyaɗa. Na zaro ledata na miƙa masa da hannu biyu. Ya juya takardun, ya yi wata magana da Faransanci, ya mayar mini. Sannan ya dubi Inna ya gaishe ta da Fillanci, ya tambaye ta gajiya, ya ɗaga sandar. Kawu ya ce, “Malam, adana digirin, kada ya sha iska.”

Mutanen can sun ba mu mamaki ta hanyoyi da dama, ko da yake kwanakin da muka yi ba su isa in yi hukunci a kansu ba. Bargawa in za su gai da babba sai su durƙusa har ƙasa, su yi ta amsa wa juna da wani ɗan sauti a maƙogwaro, a daɗe ana yi. Mu da muke ganin mun iya doguwar gaisuwa sai muka ga ashe muna da yayye. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ga tauri. Tuwo kuwa sai na doya, safe da yamma. Fulanin can ma sun koyi noman doya, kuma matansu ba su cika tallan nono da fura kamar namu ba. Dafa madarar suke yi su daskarar da ita, su rina bayanta ja da karan dawa, a soya a sa a miya kamar nama. Inna ta ɗanɗana ta ce ba laifi, amma ita tausayin madarar take ji.

Rugar tana da nisa daga titi, tafiyar ƙafa ce mai kyau. Da muka isa aka yi ta koke-koke da matar Kawu Buba, wadda ta tsufa ƙwarai. Ina tsaye sai ga wata mata doguwa ta fito daga bukka da ƙwaryar ruwa. Ban buƙaci a gaya mini ba. Tafiyarta ta Inna ce, har yadda take karkatar da kai. Ta durƙusa ta ajiye ruwan a gefe, ba a gaban Inna ba, ta yi gaisuwa tana kallon ƙasa. Inna ta juya wajen matar Kawu ta amsa mata, kamar ita ce ta yi gaisuwar.

Haka aka yi ta yi har kusan mako biyu. 'Ya'yan Yaya Dije kam sun sha gata. Inna ta goya wannan, ta tsokani wancan da cewa mijinta ne amma rowa ta yi masa yawa, ta yi wa 'yan matan kitso irin na Karaye. Amma in uwarsu ta shigo, sai Inna ta sami abin dubawa a cikin ƙwarya. Kowace safiya akan sami madara mai ɗumi a ƙofar bukkar Inna, ba a ga wanda ya kawo ba. Wata safiya kuma aka ga faifan nan mai ja da baƙi a kan ƙwaryar tatsar Yaya Dije, shi ma ba a ga wanda ya ɗora ba.

Ladi ta ƙulla dabara. Ta kwashe yara zuwa rafi, ta sa Kawu ya ja mazan gidan da surutu zuwa wajen shanu, ta bar su biyu a tsakar gida, ta dawo ta laɓe bayan rumbu. Abin da ta ce ta gani shi ne, Inna na zaune ta ba da baya, Yaya Dije na daka. Can sai Inna ta dubi wata maraƙa da ke ɗaure a turke ta ce mata da Fillanci:

“Ke kuma, ƙasar nan ta karɓe ki kuwa? Ba a dukan ki?”

Taɓarya ta tsaya. Sai Yaya Dije ta ce wa turmin, “Ciyawa akwai, ruwa akwai, ba mai dukan kowa. Nisa ne dai.”

Inna ta ce wa maraƙar, “To, madalla.”

Iyakar hirar ke nan, in Ladi ba ta rage ba.

Ana gobe za mu tafi, da yamma, Yaya Dije ta same ni ina ɗaure kaya. Hausarta a karye take, Fillancina ya fi ta karyewa, amma mun fahimci juna. Ta tambaye ni aiki, ta ce in yi aure. Sannan ta ce, tana wasa da bakin zaninta:

“Ƙanena, an ce ina kama da ita. Haka ne?”

Na ce ƙwarai, kamar an tsaga kara.

Ta ce, “Ni gefen fuskarta kawai na sani. Ban ce ta yi mini magana ba, wannan ba daidai ba ne. Da dai sau ɗaya ta dube ni.”

Na ce mata bari mu gani.

Da safe duk rugar ta fito rakiya. Kowa ya san yadda rakiya take: mai rakiya ba ya juyawa sai baƙo ya sallame shi. Muna fita daga shingen Inna ta sallami matar Kawu saboda ƙafarta. A bakin gonar doya ta sallami mazan. A rafi ta sallami jikokinta ɗaya bayan ɗaya, tana shafa kansu tana sa albarka. Sai ya rage mutum ɗaya, Yaya Dije, da ƙullin Inna a kanta. Inna ba za ta iya ce mata ta koma ba, domin faɗin haka magana ce. Ita kuma ba za ta juya ba a sallame ta ba.

Na ga Kawu Manu ya buɗe baki zai yi sallamar a madadin yayarsa, kamar yadda ya kamata. Sai ya dubi su biyun ya rufe. Tunda na san shi, ranar ce kawai na ga ya yi doguwar tafiya bai ce uffan ba.

Inna na gaba, Yaya Dije na bin ta a baya, kusa har inuwarsu na haɗuwa. Inna da ta yi shekara tana gaya mana muna da nawa a tafiya, ranar sai ta riƙa tsayawa tana cire ƙayar da ban ga ta taka ba. Mu uku muka ja baya muka bar su. A raina ina ta lissafin cewa in mun kai titi akwai zaman jiran mota, ko da rabin yini ne, a inuwa ɗaya, babu mutanen ruga, babu idon kowa. Na ce a irin wannan zama wataƙila a dace.

Muna sa ƙafa a titi motar na isowa. Babbar mota ce ta 'yan kasuwa, cike da doya da mutane, mutanen Falgoren nan biyu suna sama suna ɗaga mana hannu. Direba ko kashe ta bai yi ba, yana ta danna oda wai hadari na tafe. A duk shekarar, ita ce mota ɗaya tilo da ba ta sa mu jira ba.

Abin da ya biyo baya cikin gaggawa aka yi shi. Aka ja Kawu gaba wajen direba. Na hau na karɓi kaya, aka turo Inna na kama hannunta, ta zauna a kan buhu can baya, ta ba hanya baya. Yaya Dije ta miƙo ƙullin. Mota ta zabura, wani tarin doya ya gangaro kan ƙafafun mutane, na duƙa ina tarewa. Kafin in ɗago mun sha kwana.

Inna ta yi damina biyu bayan nan ta rasu, Allah ya ji ƙanta. Sau ɗaya na gwada taɓo mata zancen ranar. Ta ce, “Hanyar can akwai gargada,” ta aike ni ɗebo mata ruwa.

Bana da rani wani mai fataucin shanu ya yi sallama a ƙofar gidanmu, ya ce daga Bargu yake, Dije na gaishe mu, ta ji rasuwar. Ya ce ta ba shi saƙon baki, ta sa ya maimaita har ya haddace. Ta ce da motar ta tashi ita kanta na sunkuye, kunya ba ta bar ta ta ɗago ba sai da ƙarar ta yi nisa. Tana so ƙanenta ya gaya mata: Inna ta waiwayo?

Na tambayi Ladi. Da farko ta ce ita kuka take yi, mayafi a fuskarta, ba ta ga komai ba. Da ta ji dalilin tambayar sai ta ce ai ta tuna, ta waiwaya, har sau biyu. Kawu Manu ya ce Addarsa Bafulatana ce ta gaske, ko wuyanta zai karye ba za ta juya ba. Sannan kuma ya ce shi dai a gaba yake, kada a kama shi da magana. Ladi ta ce mini, “Yaya, don Allah ka ce masa eh kawai. Wa zai ƙaryata ka?” Mai yiwuwa ita ke da gaskiya. Na kwana da yawa ina juya abin. Amma matar nan ta yi shekara da shekaru tana jiran abu ɗaya, kuma ni ta zaɓa ta tambaya domin tana ganin ba zan gaya mata abin da ban sani ba.

Bafataken ya ce zai sake biyowa bayan babbar salla kafin ya koma. Don haka ina roƙon duk wanda ya ga kuskure a labarin nan, na hanya ko na suna, ya gyara mini, zan karɓa da godiya. Amma roƙona na musamman ga mutanen Falgoren nan biyu ne, dogon mai tsaga da gajeren mai tasbihi, ko wanda ya san inda suke. Suna zaune a saman kaya, suna fuskantar Inna. In ɗayansu ya ga tsohuwar nan ta juya kanta, ko kaɗan ne, ya taimaka ya aiko mini kafin salla. In kuma ya tabbata ba ta juya ba, shi ma ya faɗa mini, zan san yadda zan yi da shi.